Godiya ga masu shagon robar injina na Sharaɗa

Assalamu alaikum. Ni mai gidan burodi ne a nan Kano, gaskiya ban saba irin wannan rubutu ba amma abin da aka yi min a shagonku ya sa dole in fito in faɗa.

Wata takwas ina fama da robar bakin ƙofar obin ɗina. Sau huɗu ina canzawa, kowacce in ta daɗe ta yi wata ɗaya sai ta ƙandare ta fara tsattsagewa, zafi na zurarewa ta gefe, burodin gaba ya fito fari fat na can ciki kuma ya ƙone, gas na tafiya a banza ga shi yanzu ya yi tsada. Duk inda na je sai a ɗauko baƙar roba a ce "ai Alhaji roba roba ce", a karɓi kuɗi, in ka dawo da ƙorafi a ce obin ɗinka ne. Wani ma cewa ya yi wai yarana ke buga ƙofar da ƙarfi.

Da na zo wajenku wani matashi ne ya tare ni, kafin ya taɓa komai sai ya ce "Baba a digiri nawa kuke gashi?" Wallahi shi ne mutum na farko da ya taɓa yi min wannan tambayar. Na ce tsakanin 200 zuwa 220. Ya yi murmushi ya ce irin wadda ake ba ni ko 150 ba za ta jure ba, sai dai silikon, kuma ba wanda ake matsowa daga kwalba a liƙe gilashi ba, wannan mai tauri ne, ɗanyensa kamar kwaɓin fulawa yake, sai an gasa shi da zafi ya zama roba. Na ce to ashe sana'armu ɗaya. Ya ce bayan gashin farko ana sake mayar da shi wuta wajen awa 4 a digiri 200 don sauran sinadarin ya fita, shi ya sa ba ya sa wa abinci wari, kuma rana ko sanyi ba sa busar da shi, da shi ake rufin wayar filogin mota da tiyon asibiti da wasu kayan layin wutar lantarki.

Abin da ya fi burge ni shi ne na ce a yanka min har na janareta, ya hana ni. Ya ce fetur da dizal suna kumbura silikon, kuma in wani abu mai kaifi ya ɗan tsaga shi yagewa yake da sauri, in nemi wata roba daban ta mai. Ciniki fa ya bari ya wuce. A ina ake haka yanzu? Yawancin masu shago ba su ma san abin da suke sayarwa ba, kwali kawai suke buɗewa, in ka yi tambaya biyu a fara ɗaure maka fuska kamar bashi ka zo ci.

An auna, an yanka, an ba ni rasit, ban fi minti 30 ba. Yau wata biyar ke nan robar tana nan da laushinta. Allah Ya yi wa yaron nan albarka, Ya ƙara kasuwa, ranar Juma'a in sha Allah zan aiko muku da burodi mai zafi.