Gaisuwar Kirsimeti daga Korinti

Baba da Mama, barkanmu da Kirsimeti. Ya jikin Kaka, ya sanyin Wusasa? Nan Girka ma hunturu ne, amma da ruwan sama, kuma tsinkar lemu ta kankama, sai jiya muka ajiye kwanduna. Tun da sassafe yara suka yi ta bi ƙofa-ƙofa suna waƙa, suna kaɗa wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku, ana ba su 'yan kuɗi.

Baba, ga tsarabarka, tun da kai ba a burge ka da shadda. Tsohuwar da nake haya a gidanta, da ta gan ni a tsaye sai ta ce "katse", wato zauna. Ashe jikar kalmar nan ce ta Helenanci, tsohon yaren Girka na Sabon Alkawari, kathizo, mutum ya zauna ko a zaunar da shi, da 'yar'uwarta kathemai, kasancewa a zaune. Abin da ya ɗaure mini kai, bakinsu ɗaya da namu. Mu kan ce "a Kano yake zaune", su ma haka. A Ayyukan Manzanni 18:11, inda aka ce Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a garin nan, Helenancin cewa ya yi "ya zauna". Mutumin da ke ɗinkin tanti tare da Akila, yana koyarwa, yaushe ya ga ta kujera? Har wanda ba shi da aiki, yau a Girka sai a ce "yana zaune". Mama, kwantar da hankalinki, nawa ba zaman kashe wando ba ne, tafin hannuna duk kanta.

Na san yau za ka karanta wa jama'a waƙar Zakariya. In ka kai Luka 1:79, masu zama cikin duhu da inuwar mutuwa, kathemai ce a wurin. Ba wucewa suke yi ta duhun ba, sun shimfiɗa tabarma a cikinsa, ya zama gida. Shekarata ta farko a nan, kafin takarduna su fito, na ɗanɗana irin wannan zaman, ban dai faɗa muku ba.

Bulus wata 18 ya yi ya kama hanya, ni ga shi na ninka shi. Na turo ɗan abin cefane ta hannun Yaya, a sayi kaji, a ɗinka wa Auta riga. Mama, a ajiye mini yajin daddawa, akwai mai dawowa nan bayan sabuwar shekara.

Ɗanku.