Kanumfarin shayinmu daga ina ya fito?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Jiya a kasuwar Maradi na sayi kanumfari na dala ashirin, mai kayan yaji ya rantse min asalinsa Makka ne, wallahi har na yi dariya. Asalinsa tsibiran Ternate da Tidore ne a Indonesiya, lardin Maluku ta Arewa da aka kafa a 1999, ƙananan tsibirai masu duwatsun aman wuta, kuma sarakunansu musulmi ne tun da can. Turawan Fotugal suka iso 1512, daga baya 'yan Holan suka yi ta sare bishiyoyin don kada kowa ya sayar sai su, kai jama'a! Yanzu ma kuɗin lardin ya koma haƙar ƙarfen nikel a Halmahera, babban tsibirin lardin. Don Allah ku riƙa kawo mana irin wannan labarin.

Mai karatunku, daga Maradi.