Jirgin da ke tare shara kafin ta shiga teku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan wani jirgin ruwa mai suna Interceptor, wanda ƙungiyar The Ocean Cleanup ta Boyan Slat, ɗan ƙasar Holan, ta ƙaddamar a 2019. Ba ya shan mai ko ɗigo, da hasken rana yake aiki. Ana girke shi a kogi, a shimfiɗa shinge a kan ruwa, ruwan da kansa ya koro robobi zuwa bakinsa, bel ya kwashe su ya zuba cikin manyan kwanduna. An sa shi a kogin Klang na Malesiya da kuma Jakarta.

Albasa nake sayarwa a Legas. Duk damina ina ganin ledar fiya-wata da robobin lemo sun toshe kwalbatoci, daga nan sai teku. Tare su tun a kogi ya fi araha nesa ba kusa ba.

Damuwata ɗaya ce: idan an kawo mana shi, wa zai riƙa kwashe kwandunan in sun cika, kuma ina za a kai sharar? Ya kamata gwamnatin jiha ta fara amsa wannan kafin a sayo komai.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas