Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Masu Gadin Birnin Rum

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ka yi mini afuwar shirun da na yi tun bayan sallah. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne tsohuwar gardamarmu, inda ka kafe cewa daular Rum ba ta yi ƙarko ba sai don ƙarfin 'yan sandanta. Na koma na bi diddigi, kuma ina jin wannan karon kai za ka ba ni gari.

Shekaru aru-aru birnin Rum ba shi da 'yan sanda irin waɗanda muka sani. Wanda aka yi wa sata shi ke kwarma ihu maƙwabta su fito, shi ke kuma jan ɓarawon zuwa gaban shari'a da hannunsa, domin hukuma ba ta da mai gabatar da ƙara. Attajiri yana da bayi da 'yan kore, talaka kuwa gatansa maƙwabcinsa, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. A shekara ta 52 kafin Miladiyya, da yaran wani ɗan siyasa mai suna Milo suka kashe abokin hamayyarsa Kulodiyus, magoya bayan mamacin a cikin zauren majalisar dattawa suka ƙone gawarsa, ginin ya tafi tare da ita, ƙura ba ta lafa ba sai da babban kwamandan yaƙi Fomfe ya shigo da soja.

Sai a shekara ta 6 Miladiyya Sarki Augustus ya kafa masu gadin dare da ake kira vigiles, runduna 7 ga shiyyoyi 14 na birnin, aka kuma ɗebo su daga cikin 'yantattun bayi. Babban aikinsu kashe gobara ne, suna zagaya lunguna da guga da gatari, kama ɓarawo kuwa sai in sun yi kiciɓis da shi. Shugabansu yana da ikon sa a zane maigidan da ya yi sakaci da wuta.

A 1866 aka tono ɗaya daga cikin wuraren kwanansu a unguwar Tarastebere, bangonsa cike da rubuce-rubucen da suka karce da hannunsu. Wani cikinsu ya rubuta cewa ya gaji, a aiko masa da mai canjinsa. Tun da na karanta wannan nake tuna shi duk daren da na ji usur ɗin 'yan sintirin unguwarmu.

Ina jiran amsarka. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka har kullum.