Sanarwa ga ƴan rukuni: zazzaɓin mai jego

Assalamu alaikum ƴan uwa mata. Ga masu juna biyu da masu jinyar mai jego.

Ƙwayoyin cuta kan shiga mahaifa lokacin naƙuda ko bayan tiyata, su bazu cikin jini. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2014, kusan kashi 11 cikin 100 na matan da ke rasuwa sanadin ciki da haihuwa wannan ne ajalinsu.

In mai jego, cikin kwana 42 da haihuwa, ta fara zazzaɓi da makyarkyata, ko jinin biƙi ya yi wari, ko mara na ciwo sosai, ko numfashinta ya yi sauri, a kai ta asibiti ranar. Kar a ce ai maleriya ce, ko a jira wankan jego ya warkar da ita. Ba zai warkar ba, sai ma ya cinye lokaci.

A ɗakin haihuwa kuwa, faya ta fashe ku sanar da ungozoma ƙarfe nawa ne. Kuma ba rashin kunya ba ne a roƙi ma'aikaciya ta wanke hannu ta sa safar hannu sabuwa kafin ta duba ki.

Allah ya sauke ku lafiya.