Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Daraktan UNESCO: a kawo takardun geton Warso cikin Hausa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan adana takardu ne da masu fassara, kuma buƙatarmu ɗaya ce. Tun 1999 hukumarka ta sanya taskar Ringelblum a rajistarta ta takardun tarihin duniya. Muna roƙon ka sa hannu a fassara zaɓaɓɓun takardu daga cikinta zuwa Hausa, a kuma yi aikin bisa ƙa'ida, domin takardar shaida idan aka fassara ta da ganganci gara a ce ba a taɓa ta ba.

Ka san taskar, amma masu karanta wannan wasiƙa da yawa yau za su fara jin labarinta. Ranar 16 ga Nuwamba 1940 Jamusawan Nazi suka rufe geto, wato unguwar da suka killace Yahudawan Warso, babban birnin Polan. Mutum fiye da 400,000 aka cusa a filin da bai kai murabba'in kilomita 4 ba. A ciki wani malamin tarihi, Emanuel Ringelblum, ya tara malamai da marubuta da 'yan makaranta suka shiga tattara shaida a ɓoye. Sunan da suka fake da shi Oneg Shabbat, wato farin cikin Asabar, saboda ranar suke haɗuwa. Ba su raina komai ba: katin rabon abinci, tikitin mota, takardar alewa, sanarwar da Jamusawa ke mannawa a bango, insha'in yara, wasiƙun mutanen garuruwan da aka kwashe, zane-zanen Gela Seksztajn. A hannunsu ne bayanin wani da ya tsere daga sansanin kisa na Chełmno a Janairun 1942 ya zama rubutu, rahotanninsu suka isa Landan, BBC ta watsa labarin kisan a watan Yunin shekarar. Daga 22 ga Yuli zuwa 21 ga Satumba 1942 an kwashi kimanin mutum 265,000 daga geton zuwa sansanin kisa na Treblinka, aka kashe su. Ringelblum kansa an harbe shi a Maris 1944. A cikin jama'ar tasa uku kaɗai suka tsira: Rachela Auerbach da Hersz Wasser da matarsa Bluma.

Yadda aka binne takardun shi ya yanke yadda za a fassara su, shi ya sa za mu ɗan tsaya a nan. Kashi na farko an zuba shi a akwatunan kwano goma, aka binne a ƙarƙashin ginin makaranta mai lamba 68 a titin Nowolipki, ranar 3 ga Agusta 1942, ana tsakiyar kwasar mutane. Malamin makarantar, Izrael Lichtensztajn, shi da ɗalibansa biyu, Dawid Graber da Nachum Grzywacz, su suka yi haƙan. Akwatin kwano ba ya hana ruwa. Shekara huɗu laima tana ratsa bakin murfi, kafin a tono su ranar 18 ga Satumba 1946. Takardu sun kumbura sun manne da juna, fumfuna ta ci gefuna, tawada ta malale, hotuna da dama sun lalace. Kashi na biyu kuwa a tuluna biyu na ƙarfe irin na madara aka sa shi a farkon 1943. Murfin tulun madara yana kama baki gam, don haka da ma'aikatan gini suka ci karo da su ranar 1 ga Disamba 1950 takardun sun fi na farko lafiya nesa ba kusa ba. Kashi na uku, wanda aka ce an binne a titin Świętojerska dab da boren da Yahudawan geton suka yi a Afrilun 1943, har yau ba a same shi ba. An yi haƙa a 2003 a harabar ofishin jakadancin Sin da ke wurin yanzu, ba a dace ba. Abin da ke hannu ya kai shafi kimanin 35,000, yana Cibiyar Tarihin Yahudawa da ke Warso, wadda ta buga shi duka a juzu'i sama da 30 da harshen Polan, take kuma fitar da na Turanci.

To, mai fassara zai yi ta cin karo da giɓi, musamman a kashin farko. Ƙa'ida ita ce a nuna giɓin a inda yake, a faɗi girmansa: kalma biyu sun goge, layi uku ruwa ya cinye. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai fassara ya ga jimla ta yanke, kunnensa ya ƙi yarda, sai ya cike da abin da yake zato. Manhajojin fassara sun fi mutum wannan ɓarna, don suna cikewa cikin santsi ba tare da alama ba, ga shi rubutun hannu da fensir na Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, ya kan rikita su. Jimlar da aka ƙirƙira guda ɗaya ta ishi mai musun kisan kiyashin ya ce duk littafin ƙage ne.

Matsala ta biyu harshe. Takardun da Yidish suke da harshen Polan da Ibrananci da Jamusanci, wani lokaci marubuci ɗaya ya sauya a tsakiya. Abraham Lewin da Yidish yake rubuta littafinsa na yau da kullum, da aka fara kwasar Yulin 1942 sai ya koma Ibrananci, harshen addu'a da makoki. Idan fassara ta mayar da duka Hausa shimfiɗe ɗaya ba tare da hashiya ba, wannan sauyi ya ɓata, kuma shi ma shaida ne. Saboda haka kowane rubutu yana buƙatar mutum uku. Na farko masanin harshen asali, wanda zai fitar da ma'ana kalma da kalma daga hoton takardar. Na biyu Bahaushe mai alƙalami, ya zauna da shi layi bayan layi. Na uku bai taɓa ganin asalin ba, shi zai mayar da Hausar zuwa Turanci ko Faransanci a gwada da ta farko. Inda suka saɓa, nan aikin yake. Ɗauko fassarar Turanci kawai a juya ta Hausa ya fi araha, amma duk kuskuren da ke cikinta zai taho tare da 'ya'yansa.

Sai kalmomin yaudara. Sanarwar 22 ga Yuli 1942 ba ta ce za a kashe kowa ba, cewa ta yi za a sake wa mutane matsuguni a gabas. Dole a fassara ta haka ɗin, da sanyin bakinta, sannan hashiya ta faɗi inda jiragen ƙasan suka nufa. Wanda ya gyara ta ya rubuta "kisa" a cikin matani ya ɓoye wa mai karatu yadda aka ruɗi mutane har suka hau jirgi da ƙunshin kayansu. Su ma masu taskar sun yi nasu ɓoyon don tsira. Ringelblum ya kan shirya bayanansa kamar wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa, mutumin Chełmno kuwa an sa masa sunan aro, Jakub Grojnowski. A bar sunan aron a matani, a warware shi a ƙasa. Kuma tun da sukan kwafi takarda ɗaya sau biyu ko uku, da hannu ko da tafireta da kabon, wajibi ne a faɗi wane kwafi aka bi da inda ya bambanta da sauran.

Mai karatun Hausa ya san isnadi, ba ya karɓar magana sai ya ji daga wa ta fito. Isnadin takardar taska lambarta ce: ARG I ga kashin akwatuna, ARG II ga na tuluna, sai lambar fayil. Muna so lambar ta fito a kan kowane shafi, ba a ƙarshen littafi ba, tare da hoton asalin a shafin da ke fuskantarsa. Dalili kuwa sananne ne. Shafi ɗaya ake ɗauka a waya a tura WhatsApp ko Facebook, bangon littafi ba ya bin sa. Idan lambar tana jikinsa, duk mai shakka zai iya bin sawu har Warso.

Ba mu ce a fassara shafi 35,000 ba. Takardu 60, shafi kamar 300, sun isa zangon farko: na yara da makarantun ɓoye, na yunwa da gidajen ciyar da mayunwata, wasiƙun garuruwa, bayanin Chełmno da na Treblinka, da wasiyyoyin mutum ukun da suka binne akwatunan. Graber yana da shekara 19 ya rubuta tasa, yana fatan ya rayu ya ga ranar da za a tono abin da suka binne duniya ta sani. Bai rayu ba. A fitar da littafin a takarda domin ɗakunan karatu na jami'o'i da kwalejojin ilimi, a fitar da shi a fayil mara nauyi da ƙaramar waya za ta buɗe, a kuma naɗi karatunsa a murya, minti 10 zuwa 15 kowane kashi, domin rediyo ya fi littafi isa ƙauye. Kafin a fara, a tsayar da jerin kalmomi ɗaya na geto da sansani da kwasa da majalisar Yahudawa da Jamusawa suka naɗa, kada kowane mai fassara ya zo da tasa.

Mun san wasu za su ji kalmar Yahudawa su tuna rikicin Gabas ta Tsakiya. Waɗannan takardu an rubuta su tsakanin 1939 da 1943, kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, kuma masu rubutun malamai ne da teloli da marayu da aka rufe a bayan katanga ana kashe su don asalinsu. Gabatarwar littafin ta faɗi haka a fili a shafin farko.

Ranka ya daɗe, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 27 ga Janairu don tunawa da wannan kisa tun 2005, kuma koyar da tarihinsa yana cikin aikin hukumarka. Matakin farko wasiƙa ce daga ofishinka zuwa cibiyar Warso ta neman izinin fassara da amfani da hotuna, sai kasafin mutum uku-uku na shekara biyu. Muna jiran amsarka.

Mun gode, Allah ya ƙara girma.

Wasu ma'aikatan adana takardu da masu fassara Hausa