A kai makirufo cikin unguwannin Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan shirye-shiryen sauti na intanet, wato fodkas, waɗanda matasanmu suka fara amfani da su wajen koyar da tarihin Kano. Abin ya faranta mini rai ƙwarai, domin Bahaushe mutum ne mai ɗaukar ilimi da kunne tun zamanin da rediyo ya shiga gidajenmu, kuma yanzu ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko direban adaidaita sahu yana iya sauke shiri a wayarsa, ya saurara a lokacin da ya ga dama, ya kuma maimaita inda bai gane ba. Ga waɗanda suka yi makaranta a shekarun da aka cire darasin tarihi daga manhaja, wannan hanya ta zo a kan gaɓa.

Sai dai na lura cewa yawancin abin da nake ji yana tsayawa ne a kan jerin sarakuna: Bagauda a shekarar 999, Gijimasu da ya fara ginin ganuwa, Yaji da zuwan Wangarawa, Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, sai kuma shigowar Turawa a 1903 zamanin Sarki Alu. Duk wannan yana da muhimmanci, amma an riga an rubuta shi, kuma ba zai ɓace ba. Abin da ke ɓacewa a kullum shi ne tarihin unguwanni da na sana'o'i, wanda yake cikin kawunan dattawa kawai. Sunayen unguwanninmu kansu suna ba da labarin baƙin da suka gina birnin nan: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawa 'yan kasuwa suka zauna, da Sharifai. Wa ya je ya zauna da marinan Ƙofar Mata ya ji yadda ake haɗa baba da toka a karofi, da dalilin da ya sa rijiyoyi da yawa suka mutu? Wa ya tambayi dukawa da maƙera da 'yan kolin Kasuwar Kurmi abin da suka gada daga iyayensu? Har yanzu akwai tsofaffin da suka ga dalar gyada da idonsu, wasunsu ma sun ɗauki buhu a kai, kuma kowace shekara muna yi wa wasu daga cikinsu jana'iza ba tare da an naɗi muryarsu ba. Haka kuma iyayenmu mata, waɗanda suka riƙe tarihin saƙa da kaɗi da cinikin cikin gida, da wuya a ji an nemi bakinsu.

Roƙona na biyu shi ne mai gabatarwa ya riƙa bambanta wa mai sauraro abin da aka tabbatar da abin da kaka da kakanni suka faɗa. Labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala gadonmu ne, amma bai kamata a ba da shi da murya ɗaya da labarin isowar jirgin ƙasa a 1911 ba. A batutuwa masu sarƙaƙiya irin Yaƙin Basasar Kano, wato rikicin sarauta tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wanda jikokin ɓangarorin biyu suke raye a garin nan, adalci shi ne a ji daga kowane gida.

Ina kira ga malaman tarihi na Jami'ar Bayero da ma'aikatan gidajen adana kayan tarihi na Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa su buɗe wa waɗannan matasa ƙofa, su duba musu shirinsu kafin ya fita, su kuma tanadi wurin adana muryoyin da aka naɗa domin kada su salwanta idan waya ta lalace.

Wassalam,
Mai karatu daga unguwar Yakasai, Kano